Kilo Casa'in da Huɗu

Yayana Sani ya mutu bai taɓa ɗaukata a motarsa ba. Shekara tara motar nan tana hannunsa, uwa ɗaya uba ɗaya muke, tsakanin gidana da garejinsa ko tafiyar minti biyar babu, amma ko sau ɗaya bai ce mini "Binta, shigo" ba. Ya ɗauki Liman. Ya ɗauki wanzaminsa. Ya ɗauki akuya, wallahi da idona na gani, tana zaune a gaba tana kallon mutane kamar matar ciyaman. Ni ce dai ban cancanta ba, wai na yi nauyi. Na faɗa masa yana raye, kuma ga shi ina maimaitawa yana kwance: abin ya yi mini ciwo.

Ku mutanen Daura da kuka san shi, ba sai na ce muku Sani wane ba. Sani Sikeli, mai wayarin mota, na bakin hanyar Mai'adua. Kun san halinsa. Ba ya karɓar abu kamar sauran mutane. Duk abin da ka miƙa masa sai ya ɗora a tafin hannu, ya ɗaga, ya sauke, ya kanne ido ɗaya, sannan ya faɗi nauyinsa. Goro ne, agogo ne, kan rago ne, duk ɗaya. Ranar sunan jikata ta fari aka miƙa masa jaririya don ya yi mata addu'a, mata sun yi tsit suna jiran amin, sai ya jijjiga ta sau biyu ya ce, "Uku da rabi."

Na ce, "Yaya, addu'a aka ce ka yi!"

Ya ce, "Za a yi. Amma ku duba katin asibiti."

Aka duba. Uku da rabi. Ya fi wata guda yana ba mutane labarin, addu'ar kuwa har yau ban tabbata ya yi ta ba.

Tun da matarsa ta rasu, ɗansa Kabiru kuma ya koma Katsina da aiki, a gidana yake karyawa. Ni ma mijina ya daɗe da rasuwa, 'ya'yana suna ɗakunansu, a cikin 'ya'yan Innarmu mu biyu muka rage. Kullum da safe sai in ji takunsa a zaure, ya zauna, in miƙa masa kofin koko, ya auna shi a hannu ya ce, "Kin rage." In ce ban rage ba. Ya ce na rage. Haka muke buɗe kowace rana, kamar yadda wasu ke buɗewa da gaisuwa.

Motar kuwa, wani ɗan masu hali ne ya shigo da ita ta kan iyaka, 'yar ƙarama mai ƙofa biyu, ja, ƙasa-ƙasa kamar ƙadangare, irin wadda aka ƙera don gudu kawai. Ya maka ta da itacen bedi, bakanikai suka buɗe suka ga wayoyi masu kaurin yatsa, kowa ya ce ba ruwansa, wannan tana iya kashe mutum. Sani ya karɓe ta. Da ya tayar da ita, ya sa mata suna Ruwa-Biyu, saboda da fetur take tafiya da kuma lantarki.

Na tambaye shi wata safiya, "Wai mota ɗaya me za ta yi da abinci iri biyu?"

Ya ajiye kofi. "Binta, kin san jaki?"

"A'a, a jirgin sama aka haife ni."

"To ki ɗauka jaki biyu ne aka ɗaura wa amalanke ɗaya. Na farko mai haƙuri ne, fetur yake ci, ba ya gajiya, amma sai ya yi miƙa ya yi hamma kafin ya ɗaga ƙafa. Na biyu mahaukaci ne, shi ne na lantarki, kina taɓa shi ya zabura. Matsalarsa ɗaya. Idan ya gaji ba ya komawa gida. Hawa amalanken yake yi ya kwanta, ɗan'uwansa ya ja har da shi."

"Yo ka ƙara masa harawa mana."

Ya buga cinya. "Harawar ita ce bala'in! Batir ke nan. Ki ƙara batir ki samu ƙarfi, rabin ƙarfin kuma ya ƙare wajen ɗaukar batirin. Ki rage batir ta yi sakayau, kafin ki kai Sandamu mahaukacin ya kwanta. Turawan da suka ƙera ta ma kansu ya ɗaure, shi ya sa suka bar mini aikin."

Daga ranar ya shiga yaƙi da nauyi. Ya samo tsohon sikelin da ake auna buhunan hatsi ya girke a ƙofar gareji. Duk abin da ya kwance daga jikin motar sai ya auna, ya rubuta da gawayi a bango. Ya cire safaya, ya cire jak, ya cire kafet. Ya cire rediyo, wai labaran duniya ma nauyi ne. Ya cire kujerar baya ya ba mai shayi. Ta gaba, ta fasinja, mai laushi kamar katifa, ya ɗauko ta a ka ya kawo mini.

"Ungo, na ba ki. Kilo goma sha uku na banza."

A kanta nake zama in tuya ƙuli-ƙulina na sayarwa, shekara da shekaru, har ta sha mai ta yi baƙi. A gurbinta ya ɗaure kujerar roba da ya yanke wa ƙafafu. Duk nauyin da ya rage kuma sai ya mayar da shi batir. Har Kano da Maraɗi yake zuwa neman batura daga motoci irinta da suka yi hatsari, ya jera faifan sola a rufin gareji yana yi musu caji. Akwai wani babba da ya fi so, ya sa masa suna Mahaukaci, har shafa shi yake yi.

Kun tuna tserensa da Mamman na Mashi? Mamman ɗan acaɓa ne, gemunsa ya fara fari amma bakinsa bai tsufa ba. Shi ya tsaya a ƙofar gareji ya ce wannan jan ƙadangaren ba zai riga babur ɗinsa zuwa Dutsi ba. Aka yi sharaɗi: wanda ya sha kashi zai riƙa durƙusawa yana gaida ɗan'uwansa har wata guda. Ni ban je ba, amma Mamman ya ba ni labarin ya fi sau goma, kuma kowane karo kwanar tana ƙara tsanani.

Sani ya loda duk baturan da ya mallaka. Aka ce ɗaya, biyu, uku. Mamman ya ce kafin ya saki kuloci motar ta zama ɗigo, ba ƙara ba hayaƙi, kamar aljani ya ɗauke ta. Har ya fara tunanin yadda gwiwarsa za ta yi da wata guda na durƙuso. Sai da ya kai wata kwana ba nisa da fita gari ya ga sawun taya ya miƙe sak, ya bar kwalta, ya shige gonar gero. Can tsakiya ga jan abu, ga mai gona tsaye da fartanya a kafaɗa.

Mai gonar ya ce, "Malam, hanyar ce ta ƙare?"

Sani ya fito yana kakkaɓe hula ya ce, "Baba, ni na yi kwana. Sitiyari ma ya yi kwana. Batura ne suka ce su ba su da kowa a Dutsi."

Mai gona bai yi dariya ba. Ya sa shi ya wuni yana tayar da karan da ya kwantar ɗaya bayan ɗaya. Da zai tafi sai ya tsinki zangarniya ɗaya, ya auna a hannu, ya ce, "Geronka ba nauyi, baba, ka ƙara taki." Da ƙyar Mamman ya raba su.

Wata guda yana durƙusa wa Mamman, a kasuwa, a ƙofar masallaci, duk inda suka haɗu. Ranar da wata ya cika ya ce a sake. Wannan karon ya kwashe baturan kaf, ya bar na asali kaɗai. Ta sha kwanar nan kamar maciji. Amma tun kafin rabin hanya caji ya ƙare, mahaukacin jaki ya hau amalanke, ga ɗan injin fetur da ya riga ya tsufa yana nishi. Mamman ya zo ya wuce shi, kuma don wulaƙanci ya tsaya a hanya ya ɗauki fasinja, wata mata da buhun albasa. Da suka jera ya rage gudu ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba Sani, ko a turo?"

Wata biyu ke nan na durƙuso. Tun daga nan rayuwarsa ta zama sa batir, cire batir. In ka gan shi yana fara'a, ya cire. In ka gan shi yana fara'a bayan mako biyu, ya mayar.

Sai ranar Liman. Limamin unguwarmu zai je ɗaurin aure Mai'adua, motar da ya yi shiri da ita ta saɓa, ya aiko a roƙi Sani. Sani ya ce ba komai, amma a bi ƙa'ida. Jama'a suna kallo dattijon nan ya tattare riga ya hau sikelin hatsi.

"Hamsin da takwas. Allah gafarta Malam, kai ka ci jarrabawa. Lema da buta su biyo ka a acaɓa."

Liman mutum ne mai haƙuri, ya miƙa lema, ya miƙa buta, ya zauna a kujerar roba. Da aka tashi daga ɗaurin aure ya ce shi a motar haya zai dawo. Aka tambaye shi yadda tafiyar ta kasance, ya ce, "Alhamdulillahi. Ban taɓa yin salati mai yawa haka a cikin ɗan lokaci ba."

Shi dai Liman ɗin ne daga baya ya yabi Sani a gaban mutane bayan sallar la'asar, ya ce ku yi koyi da Malam Sani, shekarun nan bai bar azumin Litinin da Alhamis ba. Da wani ne sai ya sunkuyar da kai. Sani ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, kar in ɗauki yabon da ya fi ƙarfina. Niyya dai don Allah ce. Amma kilon da ke tafiya ma ban ƙi shi ba."

To yanzu ga tawa ranar. Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda na gaji da kai wa mutane takardar asibiti su karanta mini ciwona. Shekara biyu ina fama da baƙaƙe kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da aka sa ranar ba mu takardar shaida, sauran mata kowace da mai kai ta, wata miji, wata ɗa. Na ɗinka atamfa sabuwa, na sa lalle, na tafi gareji da ƙafata.

"Yaya, yau kai za ka kai ni. Ina so in sauka daga jar motar nan kowa ya gani."

Ya dube ni sama da ƙasa. Akwai mutane a wurin, masu jiran gyara, da mai shayi, da Mamman. Ya ce, "Hau sikeli."

Na ɗauka wasa ne. Na hau ina dariya. Ya matsar da ƙarfen, ya sake matsarwa, ya kanne ido. Sannan ya ɗauki gawayi ya nufi bango. Ku ji fa: abu na farko da na karanta da kaina a wajen aji, ba malama a kusa, ba mai nuna mini da yatsa, shi ne abin da yayana ya rubuta a gaban maza. Binta, 94.

Ya juyo ya ce, "Ba yanzu ba."

Mamman ya ce, "Haba Baba Sani, yau ɗaya?"

Ya ce, "Mota ba ta san yau ɗaya ba."

Na sauka, na gyara mayafina, na taka da ƙafa har makarantar, na karɓi takardata ina gumi. Na rantse ƙafata ba za ta sake taka garejin nan ba, kuma shekara shida ban taka ba. Washegari ya zo karyawa kamar ba abin da ya faru. Na miƙa masa koko ba sukari. Ya auna, ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce, "Ya fi sauƙi a ciki." Wata uku yana shan koko ba sukari bai nemi afuwa ba, ni ce na gaji na mayar.

Faɗanmu na ƙarshe a kan kujerar nan ne. Wata safiya a damanar da ta wuce ya gama shan koko ya ce in tashi, yana son kujerarsa.

"Wace kujerar taka? Wadda ka ba ni shekara takwas?"

"Ita."

"Me za ka yi da ita?"

"Aiki."

"Mutum ya yi kyauta ya dawo ya karɓe! Yaya, ba ka jin kunya? A mota ka hana ni zama, a gidana ma sai ka tashe ni?"

Ya sunkuya ya ɗauki kujerar. Ya ɗora ta a ka, tsoho da shi, ƙafafunsa kamar sillen kara, ya fita. Na bi shi har zaure ina faɗa masa maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Bayan kwana goma ciwo ya kwantar da shi, ranar wata Laraba, bai sake tashi ba.

A ɗakina na yi jinyarsa. Ya rame har ina iya juya shi da hannu ɗaya. Wata rana ina ba shi kunu ya kama damtsensa ya auna da ɗayan hannun, ya yi murmushi ya ce, "Kin gani ko, Binta? Yau na kai nauyin da nake nema tun tuni, ga shi babu ƙarfin taka totur. Ashe ni ma batirin na cire." Na ce ya yi shiru ya sha kununsa. Ya so ya ƙara wata magana, tari ya sarƙe shi, ni kuma ban tambaya ba, don har lokacin ina jin haushin kujera. Waɗanda suka ɗauki makararsa sun ce kamar babu kowa a ciki. Mamman ya ce da yana iya magana da ya tambaye su kilo nawa.

Kun yi dariya a zaman makoki, na ji ku ta katanga, kowa da labarin Sikeli da yake bayarwa. Ban ga laifinku ba. Amma ku kun tashi kun koma gidajenku. Ni ce nake dama koko da safe in zuba kofi biyu, sai na ajiye na biyun in tuna. Babu mai ce mini na rage. In cika kofi, in rage, in zuba ruwa zalla, duk ɗaya ne, ba wanda zai kula. Ban san faɗa ma abokin zama ba ne sai da na rasa mai yi da ni.

Bayan sadakar arba'in aka raba gado. Ɗa namiji yana nan, ƙanwa ba ta da ko noti, hukuncin Allah ne, ban yi gardama ba. Kabiru yaron kirki ne, amma hutunsa ya ƙare, kuma ba wanda zai sayi motar da babu mai iya gyaranta. Ya kirawo Ilu mai gwangwan, wanda ke sayen tsofaffin ƙarafa a kan kilo. An ce mini Ilu ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya leƙa ciki, ya ce, "Wannan mota ce ko gwangwanin madara? Wa ya cinye ta?" Suka shirya zai zo da mutanensa da safe su farfasa ta su auna.

Da la'asar Kabiru ya shigo ya durƙusa ya miƙo mini makullin gareji. "Gwaggo, na ga kujerarki tana can. Ki sa a ɗauko miki kafin gobe."

Na ce zan aika. Da ya fita na rasa wanda zan aika, na ɗauki mayafi na tafi da kaina. Rantsuwata da mai rai na yi ta.

Garejin yana nan yadda na bar shi, da warin baƙin mai, da sikeli a ƙofa, hularsa a rataye a ƙusa. Na duba lungu-lungu ban ga kujera ba. Sai da na leƙa ta tagar motar. Tana ciki, a gurbinta na asali, an ɗaure ta da noti huɗu sababbi, ga tabon man ƙuli-ƙulina a jikinta. Bel ɗin da ake ɗaurawa a ƙirji kuwa an yanke shi an ƙara masa tsawo da jan fata, ɗinkin dukawa, kusan kamu biyu. Ko kunya bai ji ba, har faɗina ya auna da ido.

Na juya wajen bango. Sunana yana nan inda ya rubuta shi, ya sake bin sa da gawayi ya fi sau ɗaya don kar ya goge. Amma yanzu akwai rubutu a ƙarƙashinsa, layi bayan layi har kusa da ƙasa. Na sa yatsa ina bi, yadda malama ta koya mana.

Binta, 94. Kujerarta, 13. Jimla, 107.

Gilashin baya, a sa roba, an rage 8. Murfin but. Bamba. Rufin ƙofofi na ciki. Kowane layi da abin da ya rage a gefensa, lambar tana sauka a hankali, wani rubutun ya dushe don daɗewa, wani sabo. A tsakiya na ci karo da wani layi da ya sa na nemi bakin sikeli na zauna: Sani, azumi, 6.

Daga nan lambar ta tsaya a talatin da ɗaya. Ya rubuta ta sau huɗu a jere ba abin da ya cire, har ya soke wata da ƙarfi gawayin ya karce siminti. Babu sauran abin kwancewa a jikin motar. Sai layin ƙarshe, sabon rubutu:

Mahaukaci, 31. A cire. Saura 0. Juma'a, Dutsi, ni da Binta.

Na waiwaya. Ga babban batirin can a lungu, an lulluɓe shi da buhu.

Kada ku ɗauka kuka na fara yi. Faɗa na fara. Na tsaya a tsakiyar gareji ni kaɗai ina yi wa hula faɗa. Na ce, Yaya, kai wane irin mutum ne? Shekara shida! Da ka ɗauke ni a ranar, motar ta yi tafiyar kunkuru, wa zai mutu? Wa ya ce maka gudu nake so? Ni so nake a gan ni a gefen yayana. Ka bar ni ina ba ka koko ba sukari, kana azumi a kaina, ka kasa buɗe baki ka faɗa? Shi a wurinsa ba zai ɗora ni a motar da ba ta kai yadda yake so ba, sai ya biya kowane kilo nawa da wani abu nasa. Haka Allah ya yi shi. Hular ba ta ba ni amsa ba, shi ma da yana nan ba zai bayar ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Allah ya yafe maka, ni na yafe, har da akuyar. Allah ya sassauta maka ƙasar da ke kanka, ya haɗa ka da Inna. Ranar da za a ɗora ayyuka a mizani, Allah ya sa naka ya yi nauyi, ko ba ka so.

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗauko atamfar nan ta ranar takardar shaida, ta ɗan matse ni amma ta shiga. Hantsi bai yi ba na buɗe gareji, na shiga motar, na zauna a kujerata, na ja bel ɗin na ɗaura. Ya yi daidai, ja'irin tsoho. Ina zaune Kabiru ya iso, Ilu a bayansa da guduma da mutum biyu.

"Gwaggo! Me kike yi a ciki? Ki fito, aiki za su fara."

Na ce wa Ilu, "Ka auna har da ni. Casa'in da huɗu ne, ka samu ƙari."

Ilu ya ce, "Hajiya, mu ƙarfe muke saye."

"To ka jira. Kabiru, je ka bangon can ka karanta. Ka fi ni boko, ba sai ka sa yatsa ba."

Ya je. Ya daɗe a tsaye, fiye da lokacin da karatun layukan nan zai ci. Da ya juyo bai dube ni ba, sai ya dubi Ilu ya ce, "Malam Ilu, ka yi haƙuri, ba yau ba." Ilu ya tafi yana gunaguni, wai dama babu abin aunawa a jikinta.

Na ce, "Motarka ce, gadonka ne, in mun dawo ka yi yadda ka ga dama. Amma ubanka ya yi mini alkawarin Dutsi, kuma yau Juma'a."

Ya share fuska da hannun riga, ya zaro makullin motar daga aljihu, ya zagayo ya kama ƙofar direba. Na dube shi. Kabiru ya samu zaman ofis, ya ajiye tumbi, ga babbar riga, ga takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa. Mutumin da ya yi lissafin bangon nan bai kai rabinsa ba.

Na ce, "Tsaya. Cire rigar nan da takalman. Hau sikeli tukuna."